Kama da Wane Ba Ta Wane: Rubens da Fuskar da Aka Ce ta Seneka Ce

A gidan adana kayan tarihi na Metropolitan da ke birnin Niyok akwai wata 'yar takarda da tsawonta bai kai kamu ɗaya ba. A jikinta an zana kan wani tsoho da baƙin alli, aka bi sawun allin da alƙalami da tawada mai ruwan ƙasa. Gashin tsohon ya cukuikuye, ya zubo bisa goshi tamkar bai taɓa ganin mataji ba. Gemun tsilli-tsilli ne, kunci ya faɗa, baki a ɗan buɗe kamar mai shirin faɗin wata magana mai nauyi. Inda hannun mai zanen ya fi daɗewa shi ne wuya: fata ta saki, ta yi ninki, jijiyoyi sun miƙe. Duk wanda ya taɓa zama kusa da dattijon da ciwo ya ci zai gane wannan wuyan.

Mai zanen shi ne Peter Paul Rubens, kuma ba mutum mai rai ya zauna masa ba. Kan dutsen marmara ya kalla, sassaƙen zamanin Rumawa. Shi da dukan masanan zamaninsa sun yi imani fuskar Seneka ce, masanin falsafar nan da ya koyar da Niro, sarkin Rum. Yau an tabbatar ba shi ba ne. Yadda gwani irin Rubens ya faɗa cikin wannan kuskure, da yadda gwanintar tasa ta ƙara wa kuskuren tsawon rai, shi ne abin da nake son mu bi daki-daki.

Mai zane da tarinsa

An haifi Rubens a 1577 a garin Siegen na ƙasar Jamus, inda iyayensa ke gudun hijira daga rikicin addini, ya girma a Antwerp da ke Beljiyam ta yau, can kuma ya rasu a 1640. Duniya ta fi saninsa da manyan zane-zanen fenti da ya yi wa coci-coci da fadojin sarakuna. Amma mutumin yana da wata sana'a ta biyu wadda ya riƙe da gaske: sanin kayan Girkawa da Rumawan dauri, da tara su. Ya iya Latin tun yana yaro, yana karanta marubutan dā cikin harshensu.

A 1600 ya tafi Italiya, ya kama aiki a fadar sarkin Mantua, ya shekara takwas a ƙasar. Duk lokacin da ya samu shiga birnin Rum, sai ya bi gidajen manya yana zana mutum-mutumin da aka tono daga ƙasa. Ba ya wadatuwa da gefe ɗaya: ya zana ta gaba, ya koma ta baya, ya tsuguna ya hango ta ƙasa. Akwai lokacin da suka zauna gida ɗaya a Rum da yayansa Philip, wanda ke kula da ɗakin karatun wani kadinal, wato babban malamin cocin Katolika, ɗaya na bin rubutu, ɗaya na bin dutse. Da labarin ciwon mahaifiyarsu ya iso a 1608 ya kamo hanyar gida, bai tarar da ita da rai ba. Cikin kayan da ya dawo da su daga Italiya har da kan marmarar nan da ake kira Seneka.

Gidan da ya saya a Antwerp a 1610, wanda yanzu ya zama gidan tarihi, ya gina masa wani ɗaki mai siffar rabin da'ira, haske na sauka ta wata kafa a rufin, kwaikwayon ginin Pantheon na Rum, don kawai ya jera duwatsunsa. A 1618 ya yi musaya da jakadan Ingila a birnin Hague, Dudley Carleton: jakadan ya ba shi tarin sassaƙen marmara, shi kuma ya biya da zane-zanensa da dardumomin bango, cinikin da ya tashi a kan fulorin 6,000, kuɗin ƙasar na wancan zamani. Bayan wasu shekaru ya sayar da kaso mai yawa na tarin ga basaraken Buckingham, na hannun daman sarkin Ingila, a kan fulorin 100,000, amma ya riƙe wasu duwatsun zobe masu sassaƙa da ransa bai yarda ya rabu da su ba. Ya kuma yi shekaru yana musayar wasiƙu da masanin Faransa Peiresc a kan irin waɗannan ƙananan duwatsu, suna gardamar wane sarki ne wannan, wace sarauniya ce waccan. Na jero wannan ne don a san cewa ba ɗan koyo ne ya yi kuskuren ba. A Turai ta wancan ƙarni da wuya a samu ido da ya fi nasa sanin dutsen dā.

Inda sunan ya fito

Matsalar da masu tara kayan dauri suka sha fama da ita mai sauƙin faɗa ce. Ana tono kawunan dutse da yawa, mafi yawansu ba rubutu. Ga kuma littattafai cike da sunayen mashahurai da ba a san kamanninsu ba. Kowa na son a haɗa suna da fuska, don kan da aka ce na wane ne ya fi kan da ba a san mai shi ba daraja, a kasuwa da kuma a zuci.

Wanda ya fi kowa ƙoƙarin sa tsari a wannan aiki shi ne Fulvio Orsini, mai kula da littattafai da kayan tarihin gidan Farnese a Rum, wanda ya rayu daga 1529 zuwa 1600. Hanyarsa mai hankali ce: a nemi tsohon sulai ko dutsen zobe da ke ɗauke da fuska da suna tare, sannan a gwada da kawunan da ba su da suna. A 1570 ya buga kundin hotunan mashahuran dā bisa wannan hanya. A 1598 aka fitar da wani sabon kundi daga tarinsa a Antwerp, wanda Theodoor Galle ya karta a farantan jan ƙarfe, kuma ta wannan hanya fuskar tsohon nan mai cukuikuyayyen gashi ta shiga duniya da sunan Seneka. Hujjar ita ce wata lambar tagulla ta ƙarshen zamanin Rumawa da aka ce tana ɗauke da sunan da fuska mai kama da wannan. Lambar ta ɓace, ba wanda zai iya ɗaukowa yau ya sake gwadawa. Wanda ya rubuta sharhin kundin a bugun 1606, likita Johannes Faber, shi ne ya yi wa Rubens magani lokacin da ciwon ƙirji ya kwantar da shi a Rum. Wato labarin ya zo wa Rubens ne daga bakin mutanen da ya sani, ya kuma amince da iliminsu.

Sai dai lambar tagulla ɗaya ba ta isa ta riƙe magana shekara ɗari biyu ba. Abin da ya riƙe ta shi ne fuskar ta dace da abin da ake son gani. Seneka, haifaffen Kurɗuba a ƙasar Sifaniya, yana cikin manyan masu koyar da falsafar da ke kira ga kame kai, dauriya kan musiba, da rashin ɗora zuciya a kan abin duniya. A shekara ta 65 miladiyya Niro ya zarge shi da hannu a wata maƙarƙashiyar kisa, ya aika masa umarnin ya kashe kansa. Marubucin tarihi Tacitus ya ba da labarin ranar: an buɗe jijiyoyi, amma jini ya ƙi gudu saboda jikin ya tsufa kuma ƙarancin ci ya ramar da shi, ya sha guba ba ta kama shi ba, a ƙarshe aka kai shi ɗakin wanka mai tururi, can ransa ya fita. Wanda ya karanta wannan, sannan aka nuna masa tsoho ramamme mai faɗaɗɗen kunci aka ce ga Seneka, me zai sa ya yi musu? Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Nan an riga an san labarin zuciyar, sai aka je neman fuskar da za ta gaskata shi.

Akwai kuma abin da aka kawar da kai daga gare shi. Seneka yana cikin attajiran Rum na zamaninsa. Tacitus ɗin nan ya kawo zargin wani abokin gabarsa cewa cikin shekara huɗu na kusanci da fada ya tara sestas miliyan 300 na kuɗin Rumawa. Yana da gonakin inabi da gidaje. Babban bafade ne, kuma bafaden Rum na wancan lokaci yana aske gemu, yana gyara gashi. Wannan kaɗai ya isa ya sa a dakata. Ba a dakata ba.

Abin da Rubens ya yi da fuskar

A nan lamarin ya fi taɓa ni, domin ga Rubens wannan kan dutse ba kayan ado ba ne. Yayansa Philip almajirin Justus Lipsius ne, malamin da ya farfaɗo da koyarwar Seneka a ƙasar da yaƙi tsakanin Sifaniya da 'yan tawayen Holan ya ɗaiɗaita. Mutanen da suka ga an washe Antwerp a 1576, suka ga an yi mata ƙawanya har ta faɗi a 1585, suna da dalilin neman malamin da zai koya musu haƙuri. Lipsius ya buga ayyukan Seneka a 1605, ya rasu a 1606. Philip ya bi shi a 1611 yana da shekara 37.

Jim kaɗan bayan wannan rashi Rubens ya yi zanen fentin da ke Fadar Pitti a Florence. Mutum huɗu a gefen teburi mai littattafai: Lipsius yana bayani da hannu, Philip riƙe da alƙalami, abokinsu Woverius, sai Rubens kansa a tsaye daga gefe. A sama, cikin alkuki a jikin bango, ga kan Seneka. Kusa da shi kwalba da furen tulip huɗu, biyu sun buɗe, biyu a rufe, adadin matattu da rayayyu a cikin zanen. Mutum ya rasa ɗan'uwansa, ya zaunar da shi a ƙarƙashin fuskar malamin dauriya. Duk sanda na tuna cewa fuskar ba ta malamin ba ce, ba na jin zanen ya ragu da komai, sai ma wani tausayi da ke ƙaruwa.

Kuskure na biyu ya zo ya haɗu da na farko. A Rum a lokacin akwai wani mutum-mutumi na baƙin marmara, tsoho tsirara sai ɗan gyauto, ya ɗan duƙa, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa a ƙirji da hannuwa. An tono shi ba ƙafafu daga ƙwauri zuwa ƙasa, masu gyara suka dasa shi cikin wani daro na dutse, aka ce ai Seneka ne a wurin wankan ajali. Rubens ya zana shi ta fuskoki da dama. Daga baya ya ɗauki wannan jiki, ya ɗora masa kan da ke gidansa, ya fitar da zanen mutuwar Seneka da ke Munich a yau: tsohon a tsaye cikin daro, ido a sama, likita na riƙe da hannunsa yana buɗe jijiya, wani matashi a durƙushe yana rubuta kalmominsa na ƙarshe, sojoji biyu a baya. Sa likita a wurin dabara ce, don a rage wa masu kallo Kirista nauyin ganin mutum ya kashe kansa da hannunsa. Mutum-mutumin nan yana gidan tarihi na Louvre a Faris tun bayan da Napoleon ya saye shi cikin tarin gidan Borghese na Rum a 1807, kuma an daɗe da gane cewa tsohon masunci ne, irin siffofin talakawa da masassaƙan Girka na baya-baya suke yi. Jikin masunci, kan wani da ba a sani ba, sunan Seneka.

Da abin ya tsaya a fenti, da bai yi nisa ba, don zanen fenti gida ɗaya yake zama. Maɗaba'a ce ta kai shi ko'ina. A 1615 Balthasar Moretus, abokin Rubens tun suna makaranta kuma mai maɗaba'ar Plantin, ya sake buga Seneka na Lipsius da hotunan da Cornelis Galle ya karta daga zanen Rubens. Duk ɗalibin da ya buɗe littafin, da wannan fuska zai fara cin karo. A 1638 kuma, shekara biyu kafin rasuwarsa, Rubens ya fitar da jerin hotunan mashahurai goma sha biyu na Girka da Rum, har da Sokratis, Aflatun, Cicero, Kaisar, Niro da Seneka, waɗanda ƙwararru irin su Lucas Vorsterman da Paulus Pontius suka karta. A ƙarƙashinsu an rubuta da Latin cewa daga tsohon marmara aka ɗauko. Wannan gaskiya ne. Sunayen ne ba duka suka tsaya ba: mai sanƙon da aka kira Scipio, jarumin yaƙin Rumawa, alal misali, masana na ganin siffar limamin bautar Isis ce, abar bautar Misirawan dā.

Akwai wata ƙa'ida da Rubens ya rubuta game da kwaikwayon mutum-mutumi, wadda aka buga bayan rasuwarsa. Ya ce mai zane ya sha sassaƙen dā har ya ƙoshi, amma ya kiyaye kada aikinsa ya yi warin dutse. Tsoka ta fito tsoka, fata ta fito fata. Ita ce ake gani a takardar Niyok. Inda dutse ke da kaifi ya tausasa, inda inuwa ke yankewa ya sa ta narke, har wuyan ya zama wuyan mai numfashi. Ƙa'ida ce mai kyau ga zane. Amma ita ce ta mayar da zato ya koma kamar shaida. Mai kallon dutse yana tuna cewa dutse ne, yana iya tambayar wa ya ce wane ne. Mai kallon zanen Rubens ji yake ya haɗu da mutumin.

Da ƙasa ta yi magana

A 1754 masu haƙa a Herculaneum, garin da aman dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79, suka ciro kan tagulla na wannan fuska daga wani katafaren gida da aka samu naɗaɗɗun littattafai a ciki. Shi ne mafi kyawun kwafin da ake da shi, idanunsa na dashe suna nan, yana gidan tarihi na Naples. Bayan shekara goma, a 1764, masanin Jamus Winckelmann ya bayyana shakkarsa cewa Seneka ne. Shakka ce kawai, kuma sunan ya riga ya kafu.

Sai 1813. A tudun Caelius na birnin Rum, a filin gidan Mattei, aka tono wani ɗan sassaƙe mai fuska biyu, ƙeya da ƙeya. Kowace fuska da sunanta a rubuce a ƙirji: Sokratis da haruffan Girka, Seneka da na Latin. Gani ya kori ji. Senekan da ya fito mutum ne mai jiki, mai sanƙo, ba gemu, wuya kauri, haɓa ta ninku, baki ƙarami a tsuke. Kamannin mai mulki da dukiya, wanda ya san fada ciki da waje. Sassaƙen na ƙarni na uku ne, an kwafo shi daga wani da ya girme shi, yanzu kuma yana Balin.

To tsohon Rubens fa, wane ne? An samu kwafinsa kusan arba'in a sassan daular Rum, alamar cewa mashahuri ne ƙwarai. Salon aikin ya nuna asalinsa na Girka ne, wajen shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, wato ya girmi Seneka nesa ba kusa ba. Ɗaya daga cikin kwafin yana sanye da kambin ganye irin na mawaƙa. Wani kuma an haɗa shi ƙeya da ƙeya da Menander, marubucin wasan kwaikwayo, shi ya sa wasu suka ce Aristophanes ne, wani marubucin wasan kwaikwayo na Girka. Da yawa sun fi karkata ga Hesiod, tsohon mawaƙin manoma. Idan haka ne, to shi ma masassaƙin farko bai taɓa ganin mutumin ba, don Hesiod ya rigaye shi da ɗaruruwan shekaru. Ƙirƙiro fuskar ya yi daga abin da ya karanta. A littattafan masana dai sunan da ya bi shi shi ne Senekan da ba Seneka ba.

Hukuncina

Ban ga adalci a ɗora wa Rubens laifin sakaci ba. Ya bi hanya mafi inganci da zamaninsa ya sani, ya karɓa daga mafi ilimin mutanen Rum, kuma akwai nassin da ke goyon bayansa: Tacitus ya ce jikin ya rame, Seneka da kansa ya rubuta yadda ciwon sarƙewar numfashi ke wahalar da shi. Sassaƙen Balin ma ba hoton kyamara ba ne, an yi shi kusan shekara ɗari biyu bayan mutuwar mai shi. Abin da ya fi ƙarfi a gare shi shi ne rubutun, wanda wani Barume ya sa tun lokacin da ana iya gwadawa da hotunan da suka gabata.

Inda nake ganin rauni shi ne ba wanda ya nemi a kawo lambar tagullar nan a sake dubawa. Orsini ya faɗa, Galle ya karta, Faber ya yi sharhi, Rubens ya zana, Moretus ya buga, kowa na jingina da na gabansa, kuma kowane mataki yana ƙara kyau a ido ba tare da ƙara hujja ko ɗaya ba. Rubens da zai iya cika wasiƙa yana gardama da Peiresc a kan siffa guda a jikin dutsen zobe, a nan bai yi gardama ba, kuma ina ganin dalilin a fili yake: yana ƙaunar wannan fuska. Ta zo da shi daga Italiya, ta zauna a gidansa, ta tsaya a kan ɗan'uwansa da ya rasu.

Zanen kansa bai yi ƙarya ba. Kowane ninkin fata da ke takardar yana jikin dutsen, shi ya sa masu binciken sassaƙen dā har yau suke komawa ga zane-zanen Rubens don ganin yadda wasu duwatsu suke a farkon ƙarni na 17, kafin a sake gyara su ko a raba su ƙasa-ƙasa. Takardar Niyok ta shiga gidan Metropolitan a 1975 cikin tarin Robert Lehman, kuma a rajistar gidan an rubuta ta da sunan Senekan da ba shi ba. Amma har gobe wanda ya nemi hoton Seneka a intanet, ko ya ɗauki sabon bugun wasiƙunsa a kantin littattafai, sau da yawa tsohon nan mai cukuikuyayyen gashi zai gani a bango, ba mai sanƙon Balin ba.